Ranar Da Besi Ya Ƙi Sauka

Ruwan farko na damina ya sauka a Zanzibar ranar Laraba da hantsi, bai ɗauke ba sai gab da la'asar. Da la'asar dattijo Mzee Vuai Mcha ya hau benen ƙungiyar kiɗan taarab ta Nujumu a unguwar Malindi, ya jingine lemarsa, ya yaye zanen da yake rufe besi da shi. Besin nan, babban goge na tsaye da ya fi mai kaɗa shi tsawo, shekara arba'in da ɗaya yana hannunsa. Ya san halinsa a ranar ruwa. Tsirkiyoyinsa na hanjin tunkiya ne, da sun sha danshi sai su saki, sai mutum ya yi ta murɗa kunnuwan da suke ɗaure a kai kafin sauti ya koma wurinsa.

Ya ɗora hannu a kan kunnen farko, ya ja tsirkiyar da yatsa. Daidai take. Ya ja ta biyu, ita ma daidai. Ta uku da ta huɗu ko gezau ba su yi ba. Ya sa tabarau ya kai fuskarsa kusa. Tsirkiyar hanji tana fitar da 'yan gashi a jikinta, har abin yanke farce yake yawo da shi a aljihu don datse su. Waɗannan kuwa launinsu na hanji, murɗinsu na hanji, amma sumul suke.

"An yi mini sata!"

Ihun ya kai har titi, inda Ame mai gahawa yake zaune da butarsa.

Da aka buga waya ofishin 'yan sanda aka ce an sace hanjin tunkiya, kowa ya kwashe da dariya ban da Sufeto Miza Kombo. Mahaifinta ya yi wa Nujumu kiɗan ƙaramin goge har ya rasu. Ta san daga Italiya ake kawo irin waɗannan tsirkiyoyi, ta san sai sun fi wata a hanya, ta kuma san ranar Asabar ƙungiyar za ta yi bikin cika shekara sittin. Ta ɗauki jakarta ta fito.

Ta tarar da makaɗa sun yi cirko-cirko, kowa yana magana ba mai sauraron wani. Mu mutanen taarab haka muke, a waƙa muna iya zagin mutum ba tare da an ambaci sunansa ba, amma in rigima ta taso sai a rasa mai iya jera magana biyu. Miza ta wuce su ta duba ƙofa. Ba a taɓa kwaɗo ba. Tagogi duk da ƙarafuna. Ta nemi ashana, ta kama 'yar jelar tsirkiya da ta yi saura a saman kunne, ta kanga mata wuta. Hanji in ya ƙone ƙaurin babbakar kan rago yake yi. Wannan narkewa ta yi ta dunƙule, tana warin leda.

"Roba ce," in ji ta. "Wa yake da makullin ɗakin nan?"

Shugaban ƙungiya, Maalim Silima, wanda yake rubuta musu baituka, ya matso yana share zufa.

"Mu uku ne, ranki ya daɗe. Ni, da Faki mai kula da kayan kiɗa, da Bwana Jecha mai kanuni, abin kiɗan nan da ake kwantarwa a cinya. Shi Jecha tsirkiyoyinsa sun fi saba'in, dole ya riga kowa zuwa ya daidaita su."

"Robar daga ina?"

Maalim ya buɗe kabad ya fito da kwali, ba komai a ciki. Ya ce wata guda da ya wuce Faki ya kawo shawara a taro, wai a daina wahala da hanji, ga irin na zamani da aka yi su su yi kama da shi, ba ruwansu da danshi. Ƙungiya ta saya. Ranar da aka kawo su Mzee Vuai ya miƙe a gaban kowa, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ya ce duk ranar da kunnensa ya kasa bambance hanji da roba, ranar zai bar wa Faki besi ya koma gida.

"Kuma ga shi na bambance!" in ji Mzee Vuai daga inda yake zaune. "Jiya na kaɗa, hanjina ne a kai. Yau na zo, roba. Wa ya kulle ɗakin nan jiya? Ku tambaye shi. Miza, 'yata, ki ji da kyau, in hanjina bai dawo kafin Asabar ba, ba zan taɓa wannan ledar ba. Abin da yake so ke nan."

Duk idanu suka koma kan Faki Shaame. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, makanikin jiragen ruwa, har yanzu da baƙin mai a faratansa. Shekara goma sha huɗu yana zaman jiran gado a bayan Mzee Vuai. Miza ta sallami kowa, ta ce ya tsaya.

"Kai ka kulle jiya?"

"Ni ne."

"Kai kaɗai ka rage?"

"Ni kaɗai. Na jera kujeru, na kashe fitila, na tafi masallaci."

"Kana son besin nan?"

Faki ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ina so mana. Wa zai ƙi? Shekara goma sha huɗu ba na taɓa shi sai in tsohon ya shiga bayi. In ya dawo kuma sai ya goge wuyan da tsumma, kamar kuturu ne ya riƙe. In aka tafa masa ina jin zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma sata? Haba, ranki ya daɗe."

"Kai ka ce a sayi robar."

"Ni na ce. Shi ya sa na san halinta. Ja wannan ki ji."

Ta ja. Sautin ya cika ɗakin ya daɗe bai mutu ba.

"Sabuwar roba miƙewa take yi," in ji Faki. "In ka ɗaura ta yau, gobe ka tarar ta saki kamar igiyar shanya. Ka murɗa, jibi ta sake saki. Sai ta yi kwana goma tana wannan iskanci kafin ta zauna. Da jiya na ɗaura, da yau ba ta da murya."

"Me ya hana ka faɗi haka a gabansu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kin ji rantsuwar da ya yi. In ni na faɗa, za a ce da gangan na tona masa asiri don in hau kujerarsa. Gara ta fito daga wani bakin."

Miza ba ta yarda da maganar wanda ake zargi don kawai ta yi daɗin ji. Bayan ya fita ta ciro farin hankici, ta naɗe tsirkiya da shi ta goga daga sama har ƙasa. Hankicin ya fito da maiƙo. Ta sansana. Man zaitun ne. Tun tana yarinya ta san Mzee Vuai yana shafa wa tsirkiyoyinsa man zaitun duk ranar Juma'a, ba ya yi a wata rana. Ta durƙusa ta duba jakin da tsirkiyoyin suke hawa. Man da robar ta ƙi sha ya gangaro ya taru a gindinsa, ƙura ta hau kai, wani sabon mai ya sake hawa kan ƙurar.

Juma'a biyu ke nan. Ta zauna a kan kujera. Tsohon nan ya goya ta a wuya ranar idi, shi ya koya mata fito. Abin da ke jikin hankicin zai wanke Faki, zai kuma raba Mzee Vuai da besinsa. Ta ninke shi ta jefa a jaka, ranta a ɓace.

Yanzu tambayar ta sauya. Ba wanda ya kulle jiya ake nema ba. Ana neman wanda ya ɗaura roba kusan mako biyu da suka wuce, sannan ya riƙa zuwa kullum yana murɗa ta kafin tsohon ya iso, don kada a gane.

Da safiyar Alhamis ta fara da Maalim Silima. Tikitin jirginsa ya nuna yana tsibirin Pemba wurin zaman makokin yayarsa, sai Litinin ya dawo. Ko da yana gari ma, Maalim mutum ne da ko tashar rediyo ba ya iya kamowa daidai. Ta wuce tashar jiragen ruwa. Shugaban makanikai ya ce Faki ba ya ajiye sifana sai ƙarfe huɗu da rabi, kullum a makare yake zuwa bita, kuma kullum sai an yi masa tsiya a kan haka.

Daga nan ta koma Malindi ta zauna a bencin Ame mai gahawa, daura da ƙofar benen. Ya zuba mata a ƙaramin kofi, ya yanko alewa.

"Baba Ame, wa yake fara shiga ɗakin nan kullum?"

"Sai ka ce ba 'yar gida ba. Jecha mana. Ƙarfe uku yana nan, ya sha kofi ɗaya, bai ce uffan ba, ya hau. Shekara talatin da wani abu ko 'ya aka ji da zafi' ban taɓa samu daga gare shi ba."

"Jiya fa?"

"Jiya ruwa ya tsare shi, tare da sauran ya zo."

"In ya hau me kake ji?"

"Tin, tin, tin. Har kaina ya yi ciwo." Ame ya ɗan tsaya da zuba gahawa. "Amma kwanakin nan kafin tin-tin ɗin sai in ji wani gum, gum. Na ce to, ko tsohon ya fara sammako. Sai can kuma in ga Vuai ya taho daga kan kwana yana jan ƙafa."

"Tun yaushe?"

"Mako biyu za a yi. Na ɗauka kunnena ne. Ƙara miki?"

Ba ta ƙara ba. Ta nufi Kisiwandui, gidan Bwana Jecha, a lokacin da ta san ya tafi kasuwa. Matarsa ce ta buɗe, Bi Mboje, muryar Nujumu tun shekara talatin. Aji ɗaya suka yi da Miza. A wancan lokacin su biyu ake sa wa su yi waƙa ranar taron iyaye, kuma a ganin Miza muryarta ta fi. Mahaifinta ya ce 'yarsa ba za ta tsaya gaban maza ba, na Mboje bai ce komai ba. In ka tambayi Miza za ta ce ta manta da wannan zance. Ba ta manta ba. Ta kalli hotunan da suka cika bango, Mboje a Maskat, Mboje a Alƙahira, tsohon haushin nan ya taso mata kamar kullum.

"Lale da hukuma!" in ji Bi Mboje. "Yau kama ni kika zo yi? Ki bari in sa gwal ɗina tukuna."

"In da ana kama mutum don yanga da tuni kin tsufa a kurkuku. Zauna, Mboje. Ranar Talata bayan bita ina kuka je?"

"Biki a Bububu, ni da Jecha. Mutum ɗari sun gan mu."

"Besin fa? Kin ji wani canji a makon nan?"

"Canji? Wallahi bai taɓa daɗi kamar makon nan ba. Ranar Litinin da muka yi bitar sabuwar waƙa, ji na yi kamar an shimfiɗa mini katifa. Ke ba za ki gane ba, ba ki taɓa tsayawa a gabansa ba."

Miza ta haɗiye wannan.

"Kin faɗa wa wani haka?"

"Na faɗa wa Jecha a hanya. Kullum ma ina faɗa."

"Me ya ce?"

"Me zai ce? Jecha ne fa. Ya yi shiru."

"An ce kin yi maganar besin a rediyo."

"Watan jiya. Suka tambaye ni sirrin muryata, na ce a kan besin Vuai take kwanciya. Suka tambayi Vuai, ya ce ba shi ba ne, hanjin ne. Tsohon banza, kullum haka yake cewa." Ta yi dariya, sai kuma ta daina. "Miza, ki nemo masa su. In ba shi ne a bayana ranar Asabar ba, ban san yadda zan buɗe baki ba."

Miza ta fito da zargi mai ƙarfi, amma ba ta da shaida. Gum-gum a kunnen mai gahawa ba ya tsayawa gaban alƙali. Ta aika a ce mutum biyar su same ta a benen ƙarfe huɗu da rabi: Maalim, Mzee Vuai, Faki, Bwana Jecha da matarsa. Ita ta je tun huɗu. Ta karɓi makullin Maalim ta hau ita kaɗai, ta kama kunne na biyu na besin ta sassauta shi kaɗan, ɗan abin da yawancin mutane ba za su ji ba.

Suka zo suka zauna. Bwana Jecha Khatibu ya zauna can gefe, akwatin kanuninsa a kan cinya. Siriri ne, farar hula, farar riga ba ko ɗigo. A Nujumu kowa ya san abu biyu game da shi: kunnensa ba ya kuskure, kuma tun da ya shigo ƙungiyar bai taɓa kai hannu jikin besin Vuai ba, ko matsar da shi ba ya yi in ya tare hanya.

Miza ta tsaya kusa da besin ta fara magana a hankali, maganar da ba ta da kai. Ta yi zancen kwaɗo, ta yi zancen tagogi. Tana yi tana jan tsirkiyoyin da yatsa kamar mai wasa, ta farko, ta biyu, ta farko, ta biyu. Mzee Vuai yana kallonta yana gyaɗa kai, bai ji komai ba. Faki ya ɗaga gira ya dube ta, ta harare shi ya yi shiru. Bi Mboje tana gyara awarwaro.

Bwana Jecha ya gyara zama. Ta sake ja. Ya runtse ido. Ta koma zancen matakala, ta ja ta biyu sau uku a jere.

"Ranki ya daɗe, don Allah."

Ya ajiye akwatin, ya taso, ya miƙa hannu sama ba tare da ya duba ba. Yatsunsa suka sauka a kan kunne na biyu. Ya murɗa, ya kama tsirkiyar a tsakiya ya ɗaga ta ya saki, ya ƙara murɗawa kaɗan, ya ja. Sautin ya zauna daram. Sai a lokacin ya lura kowa shi yake kallo.

"Jecha," in ji Mzee Vuai. "Yaushe ka san kunnuwan besina?"

"Zauna, Bwana Jecha," in ji Miza. "Kunnuwa huɗu ne a can sama, biyu ta nan biyu ta can. Ni da na taso a ɗakin nan sai da na bi tsirkiyar da ido kafin na gane nata. Kai ko ɗaga kai ba ka yi ba. Sannan ka ɗaga tsirkiyar ka saki. Faki, wa ake yi wa haka?"

"Sabuwar roba," in ji Faki a hankali. "Don ta gama miƙewa."

"Hannu ba ya koyon wannan a rana ɗaya. Ga yadda aka yi. Ba a fasa ƙofa ba, mai makulli ne. An ce Talata aka yi satar, ranar kuwa kana Bububu, Faki ne a nan. Amma roba ba ta zama a kwana ɗaya. An daɗe da ɗaura ta, kuma wani yana zuwa kullum yana ɗaga ta kafin bita. Maalim yana Pemba. Faki ba ya barin aiki sai an fara. Saura mutum ɗaya da yake hawa benen nan ƙarfe uku shi kaɗai, Ame kuma yana jin besi kafin ya ji kanuni. Da rana ta ci gaba da dukanmu da ba wanda zai sani. Ruwa ne ya tona, don hanji yana sauka ranar ruwa, roba ba ta sauka. Buɗe akwatin."

Bwana Jecha bai yi gardama ba. Ya buɗe, ya ɗaga kanunin, ya zaro ƙunshin farin ƙyalle daga ƙarƙashi. Tsirkiyoyi huɗu ne a naɗe, suna ƙyallin mai.

Mzee Vuai bai kalle su ba. Miza yake kallo.

"Kin ce an daɗe da ɗaurawa. Ƙarya ne. Talata na kaɗa hanjina."

Ta ciro hankicin ta miƙa masa. Ta so a ce wani ne yake wannan aiki yau.

"Man zaitun ɗinka ne, Baba. Daga jikin robar na goge shi. Juma'a biyu ka shafa mata."

Ya sansana. 

"Na ce zafi ne ya hana su shan mai," in ji shi, kamar mai magana da kansa. Ya juya. "Jecha. Kwana nawa?"

"Yau sha huɗu."

"Bita nawa na yi a kai?"

"Tara."

Bi Mboje ta miƙe tsaye.

"Jecha, ka haukace ne? Me ya yi maka? Me tsohon nan ya taɓa yi maka?"

"Bai yi mini komai ba." Muryarsa ba ta tashi ba. "Shekara talatin ina zaune a gabanki, Mboje. Tsirkiya saba'in da takwas nake daidaitawa kullum don in kin ɗauki waƙa ki tarar da hanya a share. Ko sau ɗaya ba ki ce kanuni ya yi daɗi ba. Shi tsirkiya huɗu gare shi. A mota Vuai, a kan tabarmar cin abinci Vuai, har a rediyo duk gari yana ji, wai a kan besinsa muryarki take kwanciya. Washegari na je sayen kifi, mai kifi yana tambayata ko ni ma a can nake kwanciya."

Ba wanda ya yi dariya.

"Shi kuma ya ce ba shi ba ne, hanjin ne. Sai na ce to, bari in gani. In hanjin ne, in na cire shi za ta ji, za ta ce yau besin ba daɗi, ni kuma in samu barci. Kwana uku na yi niyya, in mayar ba wanda ya sani. Ranar farko muna tafiya gida kika ce besin ya yi daɗi. Na ce bari ta ƙara ji. Rana ta biyu kika ce ya fi na jiya. Kullum sai in zo in murɗa, in zauna ina jiran ki yamutsa fuska. Bita tara, Mboje."

"Da ka ji ana kiran Faki ɓarawo fa?" in ji Miza. "Nan ma jira kake?"

Ya dubi Faki, ya sauke ido.

"Na yi niyyar mayarwa yau ƙarfe uku. Da safe zan wuce kasuwa na hango ki a bencin Ame, na san an gama. Faki, ka yafe mini."

Faki ya kawar da kai.

Mzee Vuai ya ɗauki ƙunshin, ya warware tsirkiya ɗaya, ya bi ta da yatsa.

"Ka shafa musu mai."

"Duk Juma'a."

"Ka kyauta." Ya naɗe ta ya mayar.

Miza ta buɗe littafinta.

"Baba, kayanka ne. In ka ce a rubuta ƙara, yanzu zan tafi da shi."

"Rubuta me? Abin da ya ɗauka ga shi a hannuna. Kunnena kuwa ba shi ya ɗauka ba." Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. "Faki, zo nan."

Faki ya zo.

"Tsirkiya ta uku tana ɗan kuka in ka danne ta a sama, kada ka matsa mata. In Mboje ta ja numfashi kafin amshi, kada ka shiga, jira ta. Kullum gaggawa take ba ka matsala."

"Baba, wallahi ba haka na so ba. Tsohon hanji ne, in muka mayar yanzu zai zauna kafin Asabar. Ka kaɗa bikin nan, ni na jira shekara sha huɗu, zan iya ƙara kwana biyu."

"Mu shida ne kawai a ɗakin nan, Mzee," in ji Maalim Silima. "Ba sai an ji a waje ba. Ka yi kaffara, shi ke nan."

"Mu shida da Wanda na rantse da littafinsa. Ko ɗazu yarinyar nan ta yi ta jan tsirkiya a saki a gabana ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ku bar ni in tafi da ƙafata."

Bi Mboje ta sha gabansa. Hawaye ya ɓata mata kwalli, Miza kuwa ta nemi haushin nan na shekara talatin a ranta ta rasa.

"Vuai, ni ban ji wani bambanci ba. Ka ji? Ni ma ban ji ba. To me ya ɓaci?"

"Na sani," in ji shi. "Mijinki ma ya sani. Kada ki ƙara faɗa, kina ƙara masa ne."

Ya zagaye ta, ya soka ƙunshin a hammata, ya fara sauka matakala yana dafa bango.

Bi Mboje ta juyo kan mijinta. Yana zaune, kanunin a cinyarsa, hannayensa a kan tsirkiyoyin don kada su yi ƙara.

"Duk wannan, Jecha? Da ka tambaye ni mana."

Ya ɗago ya dube ta.

"To, na tambaye ki. Hanjin ne, ko Vuai?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Jecha ya jira. Miza ma ta jira, biro a hannu. Daga ƙasa aka ji Mzee Vuai ya ja ƙofar titi ya rufe.